Likita Elliott Joslin da Kundinsa: Yadda Ciwon Sukari Ya Zama Lamarin Jama'a

Idan ana ba da tarihin ciwon sukari, sunayen da akan fara ambata su ne na mutanen nan huɗu na Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, watau Banting da Best da Macleod da Collip, waɗanda suka samo maganin insulin tsakanin 1921 da 1922. Wannan kuwa daidai ne, domin kafin aikinsu duk yaron da cutar ta kama, abin da ya rage wa iyayensa shi ne ƙidayar watanni. Amma akwai wani likita a birnin Boston na Amurka, mai suna Elliott Proctor Joslin, wanda bai gano wani magani ba, bai kuma sami lambar yabo ta Nobel ba, duk da haka da wuya a shiga wani asibiti a yau inda ake kula da masu wannan ciwo ba a tarar ana bin wata hanya da ya share ba. Wannan maƙala za ta bi sawun aikinsa na shekara sittin da ɗoriya, domin a ga yadda rubuce-rubucen da ya riƙa yi a kan majinyatansa suka fitar da ciwon sukari daga ɗakin likita, suka kai shi gaban hukuma da sauran jama'a.

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata a ɗan tsaya a kan sunan cutar. Hausawa na cewa ciwon sukari, wasu kuma ciwon suga. Kalmar farko aro ce daga Larabci, ta biyun daga Ingilishi, kuma duk biyun alama ɗaya suke nunawa. Sunan da likitocin Turai ke amfani da shi, watau diabetes mellitus, haɗin gambiza ne na Girkanci da Latin: ɓangaren farko yana nufin abin da ruwa ke bi ya wuce, saboda yawan fitsarin mai ciwon, na biyun kuwa daga zuma aka samo shi. Masu maganin ƙasar Hindu na dā su ma fitsarin zuma suke kiransa, domin sun lura tururuwa na taruwa a inda mai ciwon ya yi bawali. Ibn Sina ya siffanta cutar a littafinsa na likitanci. A shekarar 1776 wani likitan birnin Liverpool, Matthew Dobson, ya ƙafar da fitsarin wani majinyaci, ya ga abin da ya rage yana da kamar sukari da ɗanɗanonsa. Sa'an nan a 1889, a birnin Strasbourg wanda a lokacin yake hannun Jamus, Minkowski da von Mering suka cire wa wani kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, nan da nan karen ya kamu da ciwon. Ke nan lokacin da Joslin ya shiga makarantar likitanci an san alamar cutar, an san inda take fitowa, maganin ne kawai babu.

An haifi Joslin ranar 6 ga Yuni 1869 a wani ƙaramin gari mai suna Oxford a jihar Massachusetts. Kada mai karatu ya ɗauka Oxford ta Ingila ce mai jami'a. Wannan garin manoma ne da masu ƙananan masana'antu, mahaifinsa ma sana'ar takalma yake yi. Gidansu gidan masu hali ne, masu tsananin riƙon addinin Kirista irin na mutanen wannan yanki, waɗanda ke ɗaukar kamun kai da tsimi a matsayin ibada. Wannan tarbiyya ta bi shi har cikin aikinsa, kamar yadda za a gani nan gaba. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, inda ya koyi ilmin haɗe-haɗen sinadaran jiki a wurin Russell Chittenden, sa'an nan ya wuce makarantar likitanci ta Harvard ya gama a 1895. Bayan ya ƙaro ilmi a Turai, sai ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Boston a 1898.

Tun yana ɗalibi, a 1893, ya fara rubuta bayanin masu ciwon sukari da suka zo hannunsa. Da ya kama aikin kansa sai ya sayi babban littafi irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta shiga da fita, ya ba kowane majinyaci lamba, ya rubuta sunansa, da shekarunsa, da nauyinsa, da lokacin da ciwon ya fara, da ko akwai mai irinsa a danginsa, da abin da aka yi masa. Ya bar gurbi a ƙarshen layi domin ranar mutuwa da sanadinta. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne ya bambanta kundinsa da na sauran likitoci. Yawancinsu da zarar majinyaci ya daina zuwa sun rabu da shi ke nan. Joslin kuwa ba ya sakin mutum: yana aika wasiƙu zuwa ga majinyacin, ko danginsa, ko likitan garinsu, har sai ya san ko yana raye, in kuwa ya mutu, mene ne ya kashe shi, kuma bayan shekara nawa. Mai lamba ta 8 a cikin kundin ita ce mahaifiyarsa, wadda ciwon ya kama da girma. Ya ɗora ta a kan tsarin abinci mai tsanani irin wanda Bernhard Naunyn na Jamus ke koyarwa, ta kuwa bi sau da ƙafa, ta ƙara aƙalla shekara goma a duniya. A ƙarshe kundin nan ya kai mujalladi tamanin.

Amfanin irin wannan rubutu ba ya fitowa a shekara ɗaya ko biyu. Sai da lambobin suka taru sa'an nan suka fara magana. A 1916 ya buga littafinsa mai suna The Treatment of Diabetes Mellitus, watau yadda ake jinyar ciwon sukari, wanda ya gina a kan bayanin majinyata dubu ɗaya da ya duba da kansa. Shi ne babban littafi na farko a kan wannan cuta da aka rubuta da Ingilishi a Amurka, kuma an sake buga shi har sau goma Joslin na raye, kowane bugu da sababbin alƙaluma daga kundin. Bayan rasuwarsa almajiransa suka ci gaba da sabunta shi da sunansa.

Sai dai shekarun da littafin ya fito shekaru ne masu ɗaci, kuma bai kamata a rufe wannan babi ba don ana son mutumin. Wajen 1914 wani likita mai suna Frederick Allen ya fito da hanyar jinya ta yunwa. Akan hana majinyaci abinci ɗungum na wasu kwanaki har sai sukari ya ɓace daga fitsarinsa, sa'an nan a riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan, a tsaya daidai inda sukarin zai sake bayyana. Ga mai ciwo mai tsanani, wannan iyaka takan zama ƙasa da abin da jiki ke bukata don ya rayu. Joslin ya karɓi hanyar hannu bibbiyu, ya zama babban mai tallata ta. A asibitin Deaconess na Boston, inda yake kwantar da majinyatansa, akwai yara da manya da suka rame har ƙashi ya fito, wasu ba sa iya tashi daga gado. Wasu sun tsira daga doguwar suman da ciwon ke jawowa, amma yunwar ta kashe su, kuma Joslin da kansa ya rubuta haka a cikin lissafinsa, bai ɓoye ba. Masu kare shi na cewa watannin da yunwa ta saya wa waɗansu su ne suka kai su zamanin insulin. Gaskiya ne an sami irin waɗannan. Amma a 1916 babu wanda ya san insulin na tafe, saboda haka ba za a ce da wannan lissafi aka yi abin ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne likitoci ne da ba su da komai a hannu, suka zaɓi abin da ke gyara alƙaluman fitsari ko da majinyaci na shan azaba.

A cikin wannan yanayi ne ya yi abu na biyu da ya ɗore. Tun da jinyar duk ta dogara ga abin da mutum ya sa a bakinsa sau uku a rana, likita kuwa ba ya zaune a gidan kowa, sai Joslin ya ga dole majinyaci ya zama ɗalibi. A 1918 ya fitar da wani ƙaramin littafi domin likita da majinyaci su yi amfani da shi tare, cikin harshe mai sauƙi, da jadawalin abinci da tambayoyi da amsoshi. A asibiti kuma ya mai da ɗakin jinya aji. Ana koya wa majinyata auna abinci a kan sikeli, da gwada fitsarinsu da kansu ta hanyar ɗiga shi cikin wani ruwa mai shuɗin launi da ake kira ruwan Benedict a tafasa. In ya tsaya shuɗi babu sukari, in ya juya kore ko rawaya ko ja, to, gwargwadon launin gwargwadon sukarin. Daga baya ya horar da ma'aikatan jinya waɗanda ke bin majinyata har gida, su shiga madafa su ga abin da ake dafawa, su je makaranta su yi wa malaman yaro bayani. A zamanin da likitoci ke ganin ilminsu sirri ne da bai kamata talaka ya taɓa ba, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Ma'aikacin da ake kira mai ilmantar da masu ciwon sukari a asibitocin yau daga nan asalinsa yake.

Shekarar 1921 an fi tuna ta da gwajin karnukan Toronto, amma a farkonta Joslin ya buga wata maƙala a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a kan riga-kafin ciwon sukari, wadda ita ce ginshiƙin sunansa a fannin kiwon lafiyar jama'a. Ya buɗe ta da labarin wasu gidaje uku da ke jere a kan babban titin wani ƙauye, wanda masu tarihi suka tabbatar garinsu ne. Magidanta bakwai suka zauna a gidajen nan bi da bi, mata huɗu da maza uku, shida daga cikinsu ciwon sukari ne ajalinsu. Sai ya yi tambaya: da a ce zazzaɓin taifot ne ko tarin fuka ya kashe mutum shida cikin bakwai a gidaje uku, ai da hukumar lafiya ta tashi tsaye, an binciki rijiya da madara, an kira abin annoba, amma da yake ciwon sukari ne, kuma mutuwar ta zo a rarrabe cikin shekaru, babu wanda ya ɗaga kai. Daga nan ya koma ga kundinsa, ya jera nauyi da tsawon ɗaruruwan majinyata kafin ciwon ya kama su, ya nuna cewa mafi yawan manyan da suka kamu masu ƙiba ne, ramammu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Hukuncinsa shi ne ciwon da ke kama manya ana iya kauce masa in an hana ƙiba, kuma wajibi ne a riƙa gwada fitsarin dangin masu ciwon tun kafin su ji komai a jikinsu.

Dole a faɗi cewa harshen da ya yi amfani da shi a kan masu ƙiba yana da kaushi. A ganinsa ƙiba laifi ce ta rashin kamun kai, ciwon kuma sakamakonta ne. Nan tarbiyyar gidansu ta fito fili. Bai ba da muhimmanci sosai ga talauci ba, ko irin abincin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye, ko aikin da ke zaunar da mutum wuri ɗaya, alhali majinyatansa da yawa masu abin hannu ne da ke iya sayen sikeli da nama da ganye. Amma asalin maganar tasa ta tabbata, ko da yake sai da aka shekara tamanin. A 2001 wani bincike a ƙasar Finland, da wani a Amurka a 2002, suka ɗauki mutanen da ke dab da kamuwa, suka raba su ta hanyar ƙuri'a, aka taimaki wani rukuni ya rage nauyi ya riƙa motsa jiki. A duk binciken biyu kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wannan rukuni.

Da insulin ya samu, Joslin na cikin likitoci ƙalilan da aka zaɓa su fara gwada shi. An yi wa yaron nan Leonard Thompson allurar farko a Toronto a watan Janairu 1922, a watan Agusta kuma aka yi wa majinyaciyar Joslin ta farko a Boston, wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 42 wadda nauyinta ya komo wajen kilo 31, ba ta iya hawa matakala. Cikin makonni ta miƙe tana tafiya. Joslin, da yake masanin littafin addininsa ne, ya kwatanta abin da ya gani a wannan shekara da wahayin Annabi Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa da aka mayar wa nama da rai. Amma murna ba ta sa ya ajiye alƙalami ba. Ya raba tarihin majinyatansa zamani zamani, ya sa wa kowane sunan wanda hanyarsa ke ci a lokacin: zamanin Naunyn daga 1898 zuwa 1914, na Allen daga 1914 zuwa 1922, na Banting daga 1922. Da ya jera sanadin mutuwa a kowane zamani sai wani abu ya bayyana wanda ba mai iya gani sai mai irin kundinsa. A zamanin Naunyn fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka mutu doguwar suma ce ta kashe su. Bayan insulin wannan adadi ya yi ta faɗuwa har ya zama ɗan kaɗan. A maimakonsa sai ga ciwon zuciya, da lalacewar ƙoda, da ruɓewar ƙafa, da makanta, suna hauhawa a tsakanin waɗanda suka daɗe da ciwon. Ashe insulin bai warkar da cutar ba, ya dai mai da ta daga mai kisan gaggawa zuwa abokiyar zama ta shekaru, mai cin jijiyoyin jini a hankali.

Wannan fahimta ita ta tsara sauran rayuwarsa. Ya haɗa kai da likitocin fiɗa da masu kula da ƙafa a asibitin Deaconess domin a rage yanke ƙafafu, yana koya wa majinyata wanke ƙafa da duba ta kullum da zaɓen takalmin da ba ya matsi. A 1924 ya ɗauki wata matashiyar likita, Priscilla White, ya danƙa mata yara da mata masu ciki. Lokacin da ta fara, kusan rabin cikin da masu ciwon sukari ke ɗauka ba a samun jariri mai rai; kafin ta yi ritaya a tsakiyar shekarun 1970 fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran asibitin suna rayuwa, kuma rabe-raben haɗari da ta tsara a 1949 ya daɗe ana aiki da shi da sunanta. A 1932 aka buɗe sansanin hutu na 'yan mata masu ciwon a arewacin garin Oxford, na samari kuma a 1948. Ya kuma ƙago lambobin yabo da ake ba majinyacin da ya daɗe da ciwon, har da ta wanda ya shekara 25 ba tare da illa a ido ko ƙoda ko jijiya ba. Ya kan kwatanta jinyar da keken da dawaki uku ke ja, watau abinci da motsa jiki da insulin, majinyaci kuma shi ne mai riƙe da linzami.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne hulɗarsa da kamfanin inshora na Metropolitan Life. Kamfanin yana da masana ƙididdiga, irin su Louis Dublin da Herbert Marks, kuma yana da dalilinsa na kuɗi na son sanin tsawon ran mai ciwon sukari. Joslin ya ba su alƙaluman kundinsa, suka sarrafa su da dabarun da likita shi kaɗai ba zai iya ba, suka buga jerin maƙaloli tare a shekarun 1930. Ta haka bayanin da ya fara a littafin ɗan kasuwa ya zama ma'aunin da ake kwatanta ƙasa da ƙasa da shi.

Amma kundin asibiti yana da iyaka, domin wanda ya zo ne kawai ake rubutawa. Wanda ke gida bai san yana da ciwon ba fa? A lokacin ana ganin ciwon sukari cutar mutanen birni ce da masu arziki da wasu ƙabilu, shi ya sa alƙaluman mutuwa ke nuna ya yi yawa a jihohin gabas, ya yi ƙaranci a irin su Arizona. Joslin, yana da shekara saba'in, ya tafi Arizona da kansa, ya bi likitoci da asibitoci da gidajen yari da garuruwan Indiyawan asali yana tambaya yana gwaji. A 1940 ya buga sakamakon, inda ya ce cutar tana ko'ina, bambancin alƙaluman kuwa bambancin yawan likitoci ne da ƙwazon bincike. A nan akwai wani abin lura. Daga cikin waɗanda ya duba har da ƙabilar Pima, bai kuwa ga ciwon ya fi yawa a cikinsu ba. Shekara 25 bayan haka, da masu binciken gwamnatin Amurka suka fara gwada jinin mutanen wannan ƙabila a 1965, sai aka tarar kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da shi, adadin da ya kasance cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Ko dai tambayar likitoci ba ta kai gwajin jini ba, ko kuma sauyin abinci da zama ya yi aikinsa cikin ƙarni ɗaya. Mai yiwuwa duka biyun ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shawo kan Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Amurka ta yi abin da ba a taɓa yi ba, watau a ɗauki gari guda a gwada kowa da kowa. Garin da aka zaɓa shi ne mahaifarsa, Oxford. Tsakanin 1946 da 1947 likitoci biyu, Hugh Wilkerson da Leo Krall, suka gwada jini da fitsarin mutum 3,516 daga cikin mazauna garin su 4,983. Suka sami mutum 40 da aka riga aka san suna da ciwon, da wasu 30 da ba su da labari. Watau a bayan kowane mutum huɗu da likita ya sani akwai uku da ke yawo da cutar ba su sani ba. Daga wannan sakamako ne aka fara gangamin gwajin jama'a a Amurka, kuma hanyar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Irinta aka bi a Nijeriya a binciken ƙasa na cututtukan da ba a ɗauka daga wani, wanda kwamitin Farfesa Oladipo Akinkugbe ya gudanar a farkon shekarun 1990, aka sami kashi 2.2 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, da tazara mai faɗi tsakanin ƙauye da birnin Legas. Matsalar waɗanda ba su sani ba kuwa ta fi tsanani a wannan nahiya: a ƙiyasin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya na 2021, manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba a gano su ba.

Saura babbar muhawarar da ta cinye shekarunsa na ƙarshe. Joslin ya tsaya kai da fata cewa illolin ido da ƙoda da jijiya daga yawan sukarin jini suke, saboda haka dole majinyaci ya yi ta fama ya riƙe sukarinsa kusa da na mai lafiya, ko da hakan na nufin awo da gwaji da allura fiye da ɗaya kullum. Wani likita a New York, Edward Tolstoi, ya ce wannan azabtarwa ce marar hujja. A ganinsa illolin wani ɓangare ne na cutar da zai zo ko an yi tsanani ko ba a yi ba. A bar mutum ya ci abin da iyalinsa ke ci, a yi masa allura ɗaya a rana ta insulin mai daɗewa a jiki, irin wanda Hagedorn na Denmark ya fito da shi a 1936, muddin ba ya jin ƙishirwa, ba ya ramewa, to, sukarin da ke fitsari ba abin damuwa ba ne. Likitoci da yawa sun bi Tolstoi, majinyata kuwa ba sai an tambaye su wanda suka fi so ba.

Joslin ya amsa da kundinsa: ga waɗanda suka kiyaye, ga waɗanda suka yi sakaci, a dubi idanunsu bayan shekara ashirin. Amma a nan abokan hamayyarsa suna da magana mai ƙarfi. Wa ya san ko waɗanda suka kiyaye ɗin dama ciwonsu mai sauƙi ne, shi ya sa kiyayewar ta yi musu sauƙi? Kundi yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. An ga misalin wannan rauni a gidan Joslin kansa. Priscilla White ta daɗe tana ba mata masu ciki wasu sinadaran jikin mace, tana danganta nasararta da su, har sai da Majalisar Binciken Likitanci ta Ingila ta yi gwaji a 1955, ta ba wasu ta hana wasu, aka ga sinadaran ba su ƙara komai ba; kulawar da take yi wa matan ce ke aiki. Bugu da ƙari, a zamanin Joslin babu ma hanyar auna yadda sukarin mutum ya kasance cikin watanni, sai dai na lokacin da aka ɗebi jini. Sai a 1968 Samuel Rahbar, wani likita ɗan ƙasar Iran, ya lura da wani nau'in sinadarin jan jini da ke yawaita ga masu ciwon sukari, wanda daga baya ya zama gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku.

Joslin bai ga ƙarshen gardamar ba. Ya ci gaba da duba majinyata har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a ƙarshen Janairu 1962 yana da shekara 92. Wurin aikinsa, wanda aka yi wa suna Asibitin Joslin a 1952, shi ne ya zama Cibiyar Ciwon Sukari ta Joslin mai alaƙa da Jami'ar Harvard. A 1983 aka fara gwajin da zai raba gardama, a cibiyoyi 29 na Amurka da Kanada. Aka ɗauki mutum 1,441 masu nau'in ciwon da ke bukatar insulin, aka raba su biyu ta ƙuri'a, rukuni ɗaya a kan jinyar da aka saba, ɗayan a kan tsanantawa irin wadda Joslin ke wa'azi, aka bi su kimanin shekara shida da rabi. Da aka bayyana sakamakon a 1993, haɗarin fara lalacewar ido ya ragu da kashi 76 cikin 100 a rukunin tsanantawa, na lalacewar jijiyoyi da kashi 60, na ƙoda kuma ya ragu ƙwarai. Haka nan gwajin ya nuna cewa faɗuwar sukari mai tsanani, wadda kan kai mutum ga suma, ta ninka kusan sau uku a wannan rukuni, abin da Tolstoi da mabiyansa suka daɗe suna jan kunne a kai. A 1998 wani babban bincike na Ingila ya sami irin wannan amfani ga ido da ƙoda a nau'in ciwon da ke kama manya, irin wanda ya kama mai lamba ta 8 a kundin.